Rumfar da Malam Sabo bai buga wa ƙusa ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Sabo makwancinsa. Abokina ne tun muna samari, tare muka koyar a makarantar koyon sana'a a nan Bauchi, shi aikin katako, ni zanen gini. Na so bana ma in yi abin da na saba, in yi masa addu'a in ja bakina. Abin da idona ya gani makon jiya a ƙofar gidansa da ke Fadaman Mada ne ya hana ni, don har yau in na tuna sai abinci ya fita a raina.

An taɓa tura mu kwas ƙasar Japan. Ranar hutu masu masaukinmu suka kai mu wani tsohon ɗakin ibadar mabiya addinin Buddha, na katako zalla, wanda ya ga ƙarni bayan ƙarni yana tsaye. Ni na ja tunga a ƙofa, Sabo kuwa ya tuɓe takalmi ya shige, dole na bi shi. Ciki akwai sanyi da ƙamshin tsohon itace, ga ginshiƙai da mutum ɗaya ba zai iya rungumewa ba. Kowa ya zuba wa ƙaton gunkin da ke tsakiya ido, shi kuwa ya ɗaga kai sama har hularsa ta faɗi.

"Isa, dubi nan," ya ce da ni a hankali. "Babu ƙusa."

Haka ne kuwa. Kowane katako an sassaƙa masa baki da gurbi, wannan ya shiga cikin wancan, aka soke su da ɗan fegin itace. Tafinta ya ce in wani sashe ya ruɓe, fegin ake bugewa a zare shi, a sassaƙa sabo a mayar. Na ga irin wannan facin a gindin wani ginshiƙi, fari a jikin baƙi kamar facin riga, kuma ba wanda ya ji kunyarsa.

Da muka dawo aka yi ta tsegumi wai Malam ya shiga ɗakin gunki. Amsarsa ɗaya ce: "Rufin na je gani, ba mai ɗakin ba." Daga nan ya shiga tara itacen kirya da maɗaci, da gizago da zarto ya tayar da rumfa a ƙofar gidansa, babu ƙusa ko ɗaya. Duk shekara in ruwa ya ɗauke itace ya bushe, sai ya ɗauki gudumar katako ya bi fegin nan yana ƙwanƙwasawa su koma su kama. Gaisuwa yake kiran abin, wai zai je ya gaida rumfa. A ƙarƙashinta aka raɗa sunan jikokinsa, a nan kuma muka yi zaman makokinsa.

Tun kafin a yi arba'in na faɗa wa babban ɗansa Nasiru maganar gaisuwar nan. Ya ce, "To, Baba." Wannan "to" ita ce ƙarshen zancen. Fegi suka saki, rumfa ta fara kuka in iska ta kaɗa, sai 'ya'yan suka yanke shawara wai mahaifinsu ya rasu bai gama aiki ba. Suka kira kafinta ya bi ta da manyan ƙusoshi, suka lafta mata shuɗin fenti. Da na yi faɗa, Nasiru ya ce, "Baba, ai ƙarasa masa muka yi. Mutane na yi mana gori." An ce kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara, to waɗannan sun hau. Busasshiyar kirya ba ta karɓar ƙusa, tsagewa take yi. Ruwa ya bi tsagar, tsatsa ta biyo, gara ta samu ƙofa. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Makon jiya aka zo rushe ta, za a gina shaguna. Na roƙi Nasiru ya bar ni in kwance ta a hankali in kai wa ɗalibai su gani. Ya sunkuyar da kai ya ce an riga an yi magana da mai gidan burodi. Itacen da mutum ya ƙarar da ƙarfinsa yana sassaƙa, shi za a cusa a tanda. Tir! Na rasa wanda zan fi jin ƙyama, yaran ko garin da ya koya musu cewa duk abin da ba tayil da gilashi ba talauci ne. Da Sabo zai leƙo, na san ba zai ɗaga murya ba. Tsagaggen katako zai ɗauka ya juya shi, ya tambaya wa ya yi masa wannan rauni.

Na zauna a kan benci ina kallo. Duk inda aka buga ƙusa, bugu ɗaya leburori suka yi ya zube. Sai kusurwa ɗaya ta jikin katanga, wadda tsanin kafintan can bai kai ba, ta ƙi. Suka buga, suka ɗaura igiya suka ja, suka yi gumi har la'asar. Nasiru ya matso ya rage tsawo.

"Baba, ko ka san yadda ake kwance nan?"

Na sani sarai. Fegi ne guda kamar babban yatsa, ta baya ake buge shi, komai ya saki kansa.

"Na sani," na ce. "Babanka ma ya nuna maka, kana kallon wani wuri."

Ban tashi na nuna musu ba, sai leburorin suka ɗauko zarto.

Me ya rage na Sabo? Rumfa ta tafi, kuma a yanzu ma ƙila wani na shan shayi da burodin da aka gasa da ita. Abin da na riƙe shi ne yinin nan: a duk ginin, wurin da ba a gyara masa ba shi kaɗai ya ƙi faɗuwa. Allah Ya jiƙanka, Sabo. Ka gama aikinka tun da ranka, mu ne ba mu iya gaisuwa ba.