Allon Motar Baba

Mahaifina bai taɓa zaman haya ba, kuma duk wanda ya zauna da shi ya ɗan jima sai ya sha wannan labari. Gidan nasa ne, gonar tasa ce, har rumfar da yake zama a kara, kasuwar shanu, shi ya kafa ta da hannunsa. Fataucin shanu yake yi tun kafin a haife ni, daga Daura zuwa Babban Mutum har bakin iyaka. A wurinsa ciniki abu ne mai ƙarewa. A taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a tafa, mai saye ya ja dabbarsa. Daga nan ko a ƙofar kara san ya faɗi, na wanda ya saya ne.

Da gwiwoyi suka fara ba shi wahala sai ya rage shiga kasuwa, dillalai suka koma turo masa bidiyon shanu ta waya. Kowa ya san da maganar gwiwa. Abin da ba a sani ba, sai ni da nake tuƙa shi, shi ne idon ma ya fara ja da baya. Yakan kai wayar har bakin hancinsa, ya ce hasken rana ne ya yi yawa, alhali a zaure muke.

Ni na sayo wani ɗan allo a Kano na liƙa a gaban tsohuwar motarsa. Ka soka igiya a waya, duk abin da ke cikinta ya fito a allon ɓaro-ɓaro. Daga ranar aka samu sabuwar al'ada a gidanmu. In hantsi ya yi sai Baba ya ce, "Malam, zo mu duba mota." Malam yake ce mini saboda ina koyarwa a firamare, ba don girmamawa ba. Mu shiga motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, mu ɗaga gilasai, ba inda za mu. Ya zuba wa allo ido ya ce, "Mayar baya. Tsaya. Ka ce wa dillalin ya tafiyar da san in ga takunsa." Sannan ya karɓi wayar ya aika da tayinsa ta murya. A kara ana ta cewa Alhaji yana gida a zaune amma idonsa yana kasuwa. Inna kuwa ta ɗauka motar ce ba ta da lafiya, kullum sai an duba ta.

Ana nan sai Yayana da ke aiki a Abuja ya yi abin arziki. Ya kawo wa Baba mota mai aiki da lantarki, fara sol, ya sa aka ƙara farantan sola a kan rufi don cajinta. Unguwa ta taru. Mota ce da ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta shan mai. Kajin unguwarmu da suka saba gudu in sun ji tsohuwar, wannan sai an fita an kore su. A gabanta akwai allo kamar tire, ya ninka wanda na sayo. Ba ya karɓar waya ta igiya, amma kamfanin yana da tasa manhajar da za ka tura bidiyo daga waya ya fito a can. Baba ya ga wani sa a wannan allo har ƙudan da ke bin tozonsa, ya ce Allah ya yi wa Yaya albarka. A makon ya ba mijin ƙanwata da ke Sandamu tsohuwar motar kyauta, da allona a jiki, ba tare da an tambaye ni ba.

Bayan 'yan watanni, wata safiya na tura bidiyo allo ya ƙi. Wani rubutun Turanci ya fito, mai ladabi ƙwarai, yana gode mana, yana cewa lokacin kyauta ya ƙare. Taswira, da kunna sanyi daga nesa, da tura hoto daga waya, duk sai an riƙa biya wata-wata. Na soka igiya, waya ta kama caji kawai. Kira yana shiga, murya tana fita, amma hoto babu.

Na kira Yaya na sa a lasifika. Ya yi dariya ya ce ai ba wani kuɗi ba ne, shi zai riƙa biya.

Baba ya ce, "Tsaya tukuna. Motar nan saye ka yi ko aro ka karɓo?"

"Saye na yi, Baba."

"An sallama maka?"

"An sallama."

"Allon yana cikin cinikin?"

"Yana ciki."

"To kuɗin mene ne kuma?"

Yaya ya yi ta bayani, cewa allon namu ne amma aikin da yake yi na kamfani ne, kuma yanzu haka duniya take tafiya. Baba ya bari sai da ya gama, sannan ya ce, "Wato na sayi sa, mai shi ya riƙe ƙafa ɗaya, duk wata sai na biya kafin ya taka." Ya ƙara da cewa, "Duk wanda ya biya a cikinku, ban yafe ba."

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai sai a biya a ɓoye. Mu dai ba mu iya ba. Na kawo shawarar a sayo wani ƙaramin allo irin na da a liƙa a gefe. Ya ce yana da allo a gabansa da kuɗin ɗansa, ya je ya sayi wani, an ci shi sau biyu ke nan. Na ce to a duba a talabijin ɗin falo. Ya kalle ni, na gane abin da yake nufi: falo akwai Inna, akwai jikoki, akwai mai tambaya me ya sa Alhaji yake matsawa gaban talabijin haka. Raina ya ɓaci sosai ranar, don a ganina taurin kai ne kawai.

Shi ya samo tasa mafitar. Duk jajibirin kasuwa sai ya ce mu je Sandamu gaida jikoki. Mu tafi cikin sabuwar mota, shiru kamar masu zuwa ta'aziyya, allo yana nuna mana agogo kyauta. Mu isa, a gaisa, a kawo fura, sai Baba ya ce bari ya ga yadda ake kula da tsohuwar motarsa. Mu shige mu ɗaga gilasai, ya gama cinikinsa, mu fito ya ce motar tana nan lafiya. Jikokin ba su taɓa ganin kakansu a kai a kai haka ba, ko da yake bayansa suka fi gani.

Surukin namu mutum ne mai kunya, kuma yana da tunani. Ya ga tsoho yana zuwa duk mako yana zama cikin motar da ya bayar. Wata Juma'a sai ga shi da motar a ƙofar gidanmu, ya wanke ta tas, ya cika ta da mai. Ya durƙusa a zaure a gaban mutane, ya ajiye mabuɗi ya ce, "Baba, na ga kamar ranka yana kanta. Wallahi ba komai, ni babur ya ishe ni."

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba. Ya ce, "Ɗauki abinka. Ni ban taɓa kyauta ta dawo mini ba." Daga ranar ba mu sake zuwa Sandamu ba, jikoki suka koma zuwa da kansu.

Ya koma duba shanu a waya, a bakin hanci. Haka aka ci damina. Wajen kaka ya sayi wani babban sa fari da aka turo daga Babban Mutum, ya taya da tsada, aka sallama. Da aka sauke shi daga mota, ni da ban san komai a shanu ba na ga yana jan ƙafar baya. Washegari dillalin ya zo, mutumin da a hannun Baba ya koyi sana'a, yanzu shi ma da furfurarsa. Ya zauna ƙasa ya ce, "Alhaji, a warware cinikin nan, ni zan ji da mai shi. Ba wanda zai ji."

Baba ya ce, "An sallama."

Da na raka dillalin waje ya rage murya ya ce mini, "Malam, ɗingishin fa a fili yake cikin bidiyon. Na ɗauka ya gani ne yana so a haka." Aka ɗaure san a turken bayan gida. Bidiyon da ake turowa suka fara raguwa, waɗanda ake turowar ma sai da dogon bayani, ana faɗa masa abin da a da shi yake faɗa musu. Wannan ya fi asarar ci masa rai, kuma ni ma ya ci mini.

Wata safiya da hantsi ya ce, "Malam, zo mu duba mota." Ya daɗe bai faɗi haka ba. Muka shiga muka ɗaga gilasai. Yana kallon gaba ya ce, "Biya su. Na janye maganata."

Ban tsaya tambaya ba. Na biya ta waya, allo ya sake gode mana, ya buɗe. Akwai bidiyon wata karsana da ya shigo tun jiya, na tura. Ta fito ta cika allon, ja ce mai farin goshi, ana zagayawa da ita a kara, ana jin hayaniyar kasuwa. Baba ya matso. Ya ce in mayar baya, na mayar. Ya ƙara matsowa har hularsa tana taɓa madubi. Ya goge ido da bakin rigarsa ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Ka biya kuwa?"

"Na biya, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya koma ya jingina da kujera. Karsanar tana ta zagayawa a gabanmu. Can ya ce, a hankali, "To faɗa mini abin da ka gani. Fara da ƙafafu."