Teta Menka da Bencin Matattu

Ni na fara gani. Duk masu buga ƙirji yanzu a filin ƙwallon ƙungiyarmu ta Maƙera suna cewa da shawararsu aka yi, a tambaye su inda suke ranar Asabar ɗin nan ta watan Mayu, shekara biyar da suka wuce. Ni ina layi na uku da bargo a gwiwa, idona biyu garau.

Sunana Mitre, shekarata tamanin da huɗu. Ban taɓa zama a aji ba, a shafin ƙwallo na jarida na koyi haɗa baƙi. Kwana talatin da biyu na yi a jirgin ruwa daga Masedoniya zuwa Ostireliya, na yi shekara talatin da biyar a bakin tanderun narka ƙarfe, ya ci yatsuna biyu ya ƙyale sauran. Likita biyu sun ce in bar wasiyya, ɗayansu har jana'izarsa na je. Mutum irina ba ya yabon kowa a banza. Yau zan yabi Menka.

Teta muke ce mata duka, yaro da babba, kamar ƙanwar uwar kowa ce. Shekara talatin da takwas, duk Asabar da muke wasa a gida, ƙarfe shida na safe tana bakin ƙofar fili da makulli a wuya. Ta hura gawayi, ta yanka albasa buhu guda ba ta share hawaye ba, ta mulmula niƙaƙƙen nama ta jera a waya, ta tsaga burodi, ta soya 'ya'yan kabewa da muke ɓarewa muna zagin alƙalin wasa. Rigunan 'yan wasa kuwa tun Juma'a ta wanke ta goge, kowace da lambarta a sama. A bangon ofis akwai hoton shugabanni goma sha ɗaya, ciki har da wanda wata huɗu kawai ya yi. Nata babu.

Bencin filinmu mu muka kafa shi da hannunmu, bayan an tashi daga aiki. Wurin zama ɗari uku. Kowa ya buga ɗan allon tagulla da sunansa a inda yake zama, muka kuma yi alkawari: in mutum ya mutu, wurinsa nasa ne, ba mai hawa. Lokacin muna samari, mutuwa ba ta gabanmu. To, ƙurar tanderu da shekaru suka yi aikinsu. Kafin mu farga, wuri ɗari da casa'in na matattu ne. Wasu kuma sun ƙaura sun bar allunansu. Mu da muka rage ba mu cika arba'in ba, muna zaune ɗaiɗai kamar haƙoran tsohuwa. Yaro ya zo ya zauna, sai ka ji murya daga sama: "Kai, tashi! Wurin wane ne!" Ya matsa gaba, a sake ce masa tashi. Jikokinmu na cikinmu ma haka muka kore su, kuma iyayensu duk sun ƙaura nesa. Ni ma na kori yara, ba na ɓoyewa, muryata ta fi ta kowa ƙarfi.

Sai ga takarda daga ƙaramar hukuma. Sun ce fili na jama'a ne, jama'a kuwa ba sa zuwa. An ba mu zuwa ƙarshen kakar wasa ta gaba. In ba a ga mutane ba, za a ba 'yan ƙwallon zari-ruga filin, a ɓalle bencin katako a kafa na ƙarfe. Wato sunayen nan duka a kwashe su zuwa juji.

Shugabanmu Naum ya buga takardun talla, ya ce yara su shiga kyauta, har ya ɗauko wani mai busa balan-balan. Yaran unguwa suka zo kuwa, 'ya'yan mutanen Samowa da Tonga da Sudan ta Kudu da suka gaji gidajenmu. Minti goma aka yi ana "tashi, tashi," suka fice da balan-balan ɗinsu. Mako na gaba suka koma inda suka saba tsayawa, bayan shingen waya, inda ƙamshin naman Teta yake kaiwa.

A ranar ne na ga abin da na gani. Menka ta ajiye awartakin juya nama, ta goge hannu a zanen gabanta, ta fita waje ta kamo hannun wata yarinya 'yar Samowa, Losa, shekararta tara. Ta danƙa mata burodi da nama, ta hau da ita layi na biyu, dab da gabana, ta zaunar da ita a wurin Risto, mijinta, wanda ko shekara uku bai cika a ƙasa ba.

Naum ya taso har hularsa na faɗuwa. "Ke Menka, lafiyarki kuwa? Wurin Risto ne fa!"

"Ni za ka nuna wa wurin Risto, Shugaba? Shekara arba'in ina ɗinke wandon da ƙusar bencin nan take yaga masa."

"Alkawari muka yi!"

"Kun yi alkawarin riƙe masa wuri, ba ku yi alkawarin mayar da shi bebe ba. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin teku, yau kusan shekara uku wurinsa shiru. Koma ka zauna, kafin hawan jininka ya ƙara mana wani allon da ba mai hawa."

Ta durƙusa gaban yarinyar, da gwiwoyin nan nata da tun lokacin suke ƙara. "'Yata, mai wurin nan sunansa Risto. Direban ƙugiyar ɗaga ƙarfe ne. Yana son albasa, ba ya son alƙalin wasa. Yau ke ce shi. In alƙali ya yi mana zalunci, ki miƙe ki ce masa makaho, da harshenmu. Faɗi in ji."

Yarinyar ta faɗa a hankali, baki cike da burodi. Bayan hutun rabin lokaci aka kwashe ɗan wasanmu a gaban raga, alƙali ya kau da kai. Sai ga wata siririyar murya ta tsaga filin: "Makaho!" Na yi dariya har haƙoran robana suka nemi faɗowa. Na waiwaya in ga Menka, tana rumfarta ta ba mu baya, tana juya naman da bai buƙaci juyi ba.

Daga nan ta shiga gidaje. Duk yamma bayan ta gama aikinta, sai ta ɗauki jaka ta nufi gidan wata matar mamaci, ko ɗansa, ko 'yarsa. A dafa mata gahawa, a yi kuka, a zagi Naum kaɗan, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta: a ba ta aron wurin. Wasu a zama ɗaya suka yarda. Wasu sai da ta sha gahawarsu sau biyar. Akwai wanda ya sakar mata kare, ta koma washegari da ƙashi a jaka.

Kuma ba haka kawai take raba wurin ba. Yaron da zai karɓa sai ya je gidan da kansa, da uwarsa ko ubansa, ya ga hoton mutumin, ya san ƙauyensu da aikin da ya yi. In ya yi fashin wasa uku ba dalili, a ba wani. Yara da aka ba su shiga kyauta suka ƙi, sai ga su suna layi a kan abin da ke da sharaɗi. Yaro kuma ba ya zuwa shi kaɗai: uwa ta biyo shi da kula, uba ya zo ɗaukarsa ya tsaya kallo, yayye suka kawo ganga.

Sai ta ƙara da abin da ya fi duka. Minti goma kafin a take wasa, ta karɓi lasifika ta fara kiran sunayen matattu, ɗaya bayan ɗaya, ba takarda a hannunta. Ta ce, "Risto!" Losa ta miƙe: "Ga ni!" Haka har ƙarshe. Kuma ba ta tsallake waɗanda iyalansu suka hana. Sai ta kira sunan, ta yi shiru, ta bar shirun ya zauna a kan kowa, sannan ta wuce.

Cikin masu hanawa ba wadda ta kai Dosta, matar Kire, wanda ya tsare mana raga shekara goma sha biyu. Sau bakwai Menka ta je, sau bakwai ta dawo. Dosta ba ta zuwa fili sai ranar da mijinta ya cika shekara, ta kawo dafaffiyar alkama da sukari a raba don ransa. A watan Yulin shekara ta biyu ta zo, cikin sanyi da yayyafi, da baƙin mayafinta. Ta ji ana ta "Ga ni! Ga ni!" sama da sau ɗari. Aka ce, "Kire!" Sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Ta sauko ta tari Menka a gaban rumfa, muna ji.

"Kin wulaƙanta mijina a gaban baƙi."

"Yaya Dosta, ni kiransa na yi. Ba wanda ya amsa ne."

"Ke dai tun muna 'yan mata bakinki ya fi wuƙarki kaifi."

"Ga yaro can a tsaye," in ji Menka. "Mako takwas yana zuwa, ba wurin da zan ba shi. Ko laima ba shi da ita."

Makur ke nan, ɗan Sudan ta Kudu, dogo siriri, shekara goma. Dosta ta dube shi sama da ƙasa kamar za ta sayi rago.

"Kai, zo nan. Kana tsoron ƙwallo in ta nufo fuskarka?"

"A'a, Kaka."

"Ƙarya kake, Kire ma yana tsoro, rufe ido yake yi ya faɗa. Gobe ka zo gidana da uwarka. Kuma ka ci abinci, wannan ƙafafun ba za su riƙe wurin mijina ba."

Ranar wasan ƙarshe na kakar, wakilin hukuma ya zo da kwat da 'yar takardarsa. Mota ma sai a titi na uku ya samu inda ya ajiye. Ya kutsa cikin ganguna da kuloli, ya hango wani wuri ba kowa, ya zauna. Makur ne ya je karɓo burodi. Ya dawo ya tsaya a kansa.

"Yallaɓai, yi haƙuri, tashi. Wurin Kire ne."

"To ina Kiren?"

"Ni ne."

A tsaye mutumin ya kalli wasan, ya kuma ji kiran suna tun daga farko har ƙarshe, takardar tana naɗe a hannunsa. An ci mu biyu da nema ranar, tsaron bayanmu kamar ƙofar kasuwa. Bayan mako uku takarda ta zo: an bar mana filin shekara biyar, da bencinsa.

Menka, ke ce kika yi wannan. Ke ce uwar Maƙera, mai kiran matattu su amsa. Mu maza arba'in muna gadin katako, ke kika gane mutanen muke kashewa karo na biyu. Ke kika fara ba da naki kafin ki roƙi na kowa, kuma na san abin da ya ci miki, don na ga bayanki ranar. Losa yanzu ita ke riƙe da tsakiya a ƙungiyar 'yan mata da ba mu taɓa mafarkin yi ba, har yau kuma ba alƙalin da ya tsira daga bakinta. Jikokinmu da muka kora sun fara dawowa, wasu suna rigima wai an ba bare wurin kakansu. Kin ce musu su zo wasa uku a jere tukuna a yi magana. Daidai kika yi.

Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe da za ta hura gawayin nan. Gwiwoyin sun ƙi, likita ya ce aiki za a yi mata. Mun gode, Teta. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki daɗe kina jin ana amsawa.

Amma kada wanda ya ce an gama. Baɗi wa'adin hukuma zai cika, za su dawo su duba. Saura wuri talatin da ɗaya da ake kira a ji shiru. Ku masu ƙafa da mota, gidajen nan ba a wata ƙasa suke ba. Ku je ku sha gahawa, a kore ku, ku koma. Wani ya haddace sunayen, don lasifikar ba za ta kira kanta ba. Ni da sandata na ɗauki gida uku, ɗaya ya riga ya faɗo hannu. Nawa wurin ma na zaɓi mai gadonsa tun ina numfashi, wata 'yar Tonga mai murya kamar jiniyar tashi daga aiki, tana zama a gefena ina koya mata waɗanda za ta zaga.

Wanda yake ganin tsoho ne ke zuba, ko yake cewa yaran yanzu ba sa ɗaga kai daga waya, ya zo filin Maƙera ranar Asabar, uku saura minti goma. Ya tsaya ya ji kiran sunan nan har ƙarshe. In ya fita idonsa a bushe, ya hau layi na uku ya ce mini maƙaryaci a gaban kowa. Sai dai ya zo da ƙafafu masu ƙwari, don a tsaye zai kalla.