Hararar da ba tawa ba

Shekara da shekaru ina shan maganin taifot a kemis ɗin bakin layin dogo, gaɓoɓina na ciwo, gashina na zuba, kafin wata likita ta ce lupus ne. Wai garkuwar jikina ce ta juyo tana cina, har ta toshe ƙananan jijiyoyin jinin da ke bayan idona. Ta ce abin da ya mutu ya mutu, sai dai a tare saura.

Tsakiyar ganina ce ta tafi. In na kalli mutum kai tsaye, sai in ga kafaɗa da mayafi, fuska kuwa baƙin tabo kamar gindin tukunya. Sai na karkata kai na duba ta wutsiyar ido nake ɗan gane shi.

To, a unguwarmu ta Agege wannan sunansa harara.

Idon nan fari tas, ba yana, ba ja, wa zai yarda? Matan gidan hayarmu suka ce tunda maigidana ya samu rumfar nama a kwata nake jin kaina. Mai burodin ƙofar gida ta zage ni da Yarbanci, ta zaci ba na ji. Surukata ta zo daga unguwar Iyana Ipaja musamman, na durƙusa na gaishe ta, na ɗan karkato don in ga ko ta rame. Ta ce, "Ni kike harara, 'yar nan?" Na yi bayanin jijiya har bakina ya bushe. Ta ce in sa tozali. Tozali fa! Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Duk wannan na shanye. Su je can su ƙarata.

Ran nan ina taje wa 'yata kai, ƙaramar, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. Na juyo da ita, na karkata ina neman wushiryarta da kumatun nan nata. Sai na ji jikinta ya yi sanyi a hannuna. Ta ce a hankali, "Umma, me na yi miki kuma?"

Kuma. Ashe ta daɗe tana tara abin a ranta.

Na yi mata bayani, ta ce to, amma washegari da na karkato sai ta sunkuyar da kai ta raɓe jikin ƙofa. Tun daga nan kai tsaye nake kallonta, ina murmushi, ita ma na ji tana dariya. Fuskarta ce dai ban ƙara gani ba.