Baba Mai Sanda Ya Ajiye Sandarsa

Shekara talatin da ɗaya, mutum ɗaya ne ke fara sauka ramin haƙar ma'adinai na garinmu kafin kowa. Da sassafe yake fitowa, hular ƙarfe a ka, fitila a goshi, sandar ƙarfe da ta fi shi tsawo a kafaɗa. Ba ya haƙa, bai taɓa fito da ko tsakuwa ɗaya da za a sayar ba. Aikinsa shi ne ya bi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa yana ƙwanƙwasa rufin dutsen da ke saman kawunan mutane, yana saurare. In dutsen ya amsa da ƙara mai kaifi, lafiya lau, a shiga. In ya amsa a dushe, kamar an bugi tsagaggen tulu, to ya rabu da ɗan'uwansa, ranar faɗowa kawai yake jira. Nan zai ja layi da alli, kuma ba mai ƙetare layin. Daga nan ya samo sunan da kowa ke kiransa da shi, Baba Mai Sanda.

Ni malamar makaranta ce, ban taɓa sauka ramin nan ba, ba na kuma fata. Amma can mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa, can yayana yake a yanzu da nake rubutun nan. Wallahi na gaji da ramin. Kakanninmu manoma ne. Kamfani ya zo ya shimfiɗa hanyar jirgi, ya gina asibiti da gidaje a jere, kowa ya jefar da fartanya ya karɓi hula. Rafin da ake shayar da lambu ya koma ja, aka ce ba komai, ai ga famfo. Da suka kwashe mai kyau sai suka tattara, har ƙarfen hanyar jirgin suka ɓamɓare suka tafi da shi. Suka sayar wa ƙaramin kamfani, shi ma ya sayar wa wanda bai kai shi ba. Duk wanda ya zo sai ya rage katakon da ake tokare rufi da shi. Famfo ya ƙafe, asibiti ya zama wurin kwanan awaki. Abin da aka bar mana shi ne tari da ramuka, sai Baba.

Mahaifina ne ya ba ni labarin ranar da aka ci karo da jijiyar ma'adini mai arziki a wani lungu na ramin. Baba ya ƙwanƙwasa, ya ja layinsa. Manaja ya sauko da kansa ya goge layin da takalmi. Baba bai ɗaga murya ba. Ya matsa gefe ya ce, "Yallaɓai, ka shige gaba, mu biyo ka." Manaja bai shige ba.

Kwana uku lungun na rufe, ko ƙura ba ta zubo ba. Su kansu ma'aikatan suka juya wa Baba baya, don ranar da ba a haƙa ba tukunya ba ta hawa wuta. Suka ce tsoro ne ke damunsa, suka ce tsufa ne ya zo masa da wuri. A rana ta huɗu, suna zaune suna cin abinci, rufin ya rufto gaba ɗaya. Mutum goma sha tara ne ya kamata a ce suna ƙarƙashinsa. Mahaifina na cikinsu, yana kuma cikin waɗanda suka zage shi, shi ya faɗa mini da bakinsa. Na tambaye shi ko sun ba shi haƙuri. Ya ce, "Kunya ta hana. Washegari dai muka riƙa gaishe shi da ƙarfi."

Kai ne, Baba, wanda in aikinka ya yi kyau ba a ganin komai. Ba gawa, ba kuka, ba labari a rediyo, saboda haka ba godiya. Matan garin nan da yawa suna da mazajensu a ɗaki ba su san kai ka dawo musu da su ba.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Injin fasa dutse ya daɗe yana cin kunnen Baba a hankali. Matarsa, wadda muke kira Iya, ita ta fara lura. Sai ta yi masa magana ta bayansa ya yi shiru, rediyo kuma kullum ƙara masa murya yake. Ta ce wata ranar hutu ya sa ta ɗauko tulu biyu, ɗaya lafiyayye ɗaya mai tsaga, ya juya baya ya ce ta riƙa bugawa da cokali, shi zai faɗi wanne ne. Sau goma ta buga, sau huɗu ya kuskure. Ta ce da farko ta so ta ɓoye masa, ta ce duk ya canka, don ba su da wata sana'ar, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta. Ya juyo ya kalli fuskarta ya ce, "Nawa?" Ta ɗaga yatsu huɗu.

Washegari bai sauka ba. Ya wuce ofis ya jingina sandar a jikin teburin manajan yanzu, ya ce kunnensa ya daina bambance ƙarar dutse. Manajan ya ce, "Wa ya sani ban da kai?" Baba ya ce, "Ni na sani." Manajan ya ce ya ci gaba da zagayensa yadda ya saba, ba mai tona shi, dama takarda kawai ake so ta nuna an duba. Baba ya yi masa godiya ya fito.

Da yamma ma'aikata suka cika masa tsakar gida. Yayana ne ya yi magana, sai da ya maimaita da ƙarfi kafin Baba ya ji. "Baba, ko ba ka ji sosai, ka zo ka riƙa bugawa. Ganinka kaɗai kwantar mana da hankali yake."

Baba ya ce, "Abin da nake tsoro ke nan, ɗana. In na buga, za ku shiga."

Wata uku ke nan. Kamfani ya ce zai kawo na'urar gwada rufi, har yau tana hanya. Baba ya aika cewa duk mai sauran kunne ya zo ya koya. Mutum biyu suka zo, don sanda ba ta fito da abin sayarwa, mai riƙe ta kuma zagi yake sha. Yayana ne ɗaya. Yanzu shi ke fara sauka, ni kuma tun da ya ɗauki sandar nan abinci ba ya yi mini daɗi sai na ga ya wuce ta ƙofar makaranta. Ina alfahari da shi, ina kuma jin haushinsa.

Ku da ke da kunne, ku je wurin tsohon nan tun yana iya nuna muku inda ake dafa tafin hannu a ji rawar dutse. Mu kuma da ba ma sauka rami, malamai da direbobi da masu duba marasa lafiya, ranar da muka san hannunmu ko idonmu ya fara cin amanar masu dogaro da mu, Allah Ya ba mu ƙarfin halin faɗa da bakinmu.

Baba, na gode da mahaifina, na gode da shekarun da ka ƙara masa har ya ga aurena. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe, don na san in an karanta maka ba za ka ji ba.

Jiya na kai masa. Na same shi a kan benci a ƙofar gida, na ɗora masa takardar a kan cinya bai ko duba ba, idonsa na kan hanyar da ma'aikata ke bi in an tashi. Iya ta ce kullum haka yake, ba ya taɓa abinci sai ta je bakin titi ta dawo. Ta tafi, tana dawowa ya ɗaga kai ya ce, "Sun fito duka?"

Ta tsaya inda zai gan ta sosai, ta gyaɗa kai. Sannan ya ce a miƙo masa ruwan wanke hannu.