Hadarin da Ya Rufe Kaza

Wata rana, a wani ƙauye can gabas da mu, an yi wata mata mai suna Yalwa. Mijinta Sallau ya rasu da rani, ya bar mata gona da gora ɗaya ta irin gero.

Sallau bai taɓa shuka ba sai ya ga Kaza da 'ya'yanta ta fito gabas da asuba. Taurarin nan ne ƙanana da ke cure wuri guda. Masu duba buruji a waya suna cewa wai a kafaɗar burujin Sa, wato bijimi, suke. Mu dai Kaza muka sani.

Yakan tashe ta ya nuna mata, ya ce ga ta can tana tono a sama, tsabar da take watsa wa 'ya'yanta ita ce ke sauko mana ruwa. Daga nan ya saɓi sungumi yana sara, ita tana binsa da iri, tana rufewa da diddige.

A wannan shekarar ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu har ciki. Kowa ya shuka.

Ban da Yalwa.

Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta zauna kan turmi da gorar a cinya, ta zuba wa gabas ido. Babu komai sai hadari. Wani lokaci har takan ji kamar tarinsa a bayanta, kamar yanzu zai miƙa hannu ya ce ga ta can.

Geron maƙwabta ya tsiro. Gonarta ciyawa kawai. Hatsin rumbunta kuwa ya kusa ƙarewa.

Ranar nan yayar mijin, Barmani, ta shigo da laka har idon sawu, ta tsaya a kanta. Ta tambaye ta abin da take jira.

"Kaza, Yaya. Shi ba ya shuka sai ya gan ta."

"Ke Yalwa, Kazar nan me take zuwa faɗa?"

"Ruwa."

"To ruwan ne ya rufe ta. Tashi."

Yalwa ta miƙe, yayyafi na sauka a fuskarta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sungumin da babu wanda ya taɓa tun rasuwar. Ita ta yi saran, Barmani ta bi ta da iri.

Da kyar ta samu damina.

Wata asuba, tana hanyar gona za ta noman farko, sama ta washe. Ta ɗaga kai. Ga Kaza can ta yi nisa da tashi, 'ya'yanta kewaye da ita.

Ashe ta daɗe da fitowa.

Darasi: Alama aikinta ta sanar da kai abu na tafe. In abin ya iso har ya jiƙa maka riga, daina kallon sama, ɗauki sungumi. Kewar mamaci ba laifi ba ce, amma ba ta cika rumbu.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana zaune kan turmi yana jira. Ƙasa ba ta daɗewa da danshi.