Wayoyi Biyu a Bayan Kwamfuta

Mijina, Allah ya jiƙansa, masinja ne a ofishin aikin gona na Dutsin-Ma. Ni ban taɓa taka ofishin ba, ban kuma yi karatu ba. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, saura kuma ta bayan katangar zaure. Ya daɗe da rasuwa, amma har yau in na ɗauko zancensa sai na tsaya na share ido. Mai rubuta mini ta saba, takan jira.

Shekara biyu bayan an ba Katsina jiha aka kawo musu kwamfuta. Aka ba ta ɗaki ita kaɗai, da fanka, abin da ko akawu bai samu ba. Mai kula da ita wani Kirista ne mutumin Jos, dogo, mai son tuwon dawa. Malam, wato mijina, ke share ɗakin, in an tashi ya lulluɓe ta da zane.

Da Kirsimeti ta zo, mutumin ya tafi hutu. A bayansa manaja ya ce a yi wa ɗakin fenti. Malam ya zare wayoyi ya fitar da kaya, fenti ya bushe ya mayar. A bayan kwamfutar akwai kafa biyu iri ɗaya sak, ɗaya ta injin buga takarda, ɗaya ta wani ɗan abu da ake turawa a kan tebur, suna ce masa ɓera. Malam ya sa kowace waya inda ta shiga. Duk sun shiga.

Da aka kunna, injin buga takarda ya ƙi. Manaja ya ce Malam ya ƙona kayan gwamnati. Aka ba shi takardar tuhuma, in mutumin Jos ya dawo ya tabbatar, sallama ce.

Sallama a wurinmu tana nufin komawa Birchi gidan wansa, da 'ya'ya biyar, ba gonar kanmu. Kusan mako biyu Malam na zuwa aiki yana zama a benci, ba mai aikensa. Na fara zuba kwanuka a buhu ban faɗa masa ba. Ya gani. Ya zaro buta daga ciki, ya yi alwala, ya mayar.

Ran da mutumin ya dawo, bayan la'asar na ji shi da Malam a zaurenmu.

"Baba, ba ka ƙona komai ba," in ji shi. "Wayoyi ka musanya."

Malam ya ce, "To ita ba ta da ido? An ce ta fi mutum ɗari lissafi."

"A cikinta akwai wani umarni mai kula da ɓera. Da an kunna sai ya bi kafofi, abin da ya fara tararwa ya riƙe, ya ce ɓeransa ne. Injin ya tarar, ya riƙe. Umarni mai kula da injin ya zo, an riga shi."

"Injin da sai mutum biyu ke ɗauka? Shi ne ɓera?"

"Ba ya dubawa, Baba."

"To ai shi ya kamata a ba takarda."

Mutumin ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ya gyara wayoyi, magana ta ƙare. Malam ya ce ba ta ƙare ba, gobe wani zai share ɗakin nan.

Ya ƙara da cewa, "Ka hana umarnin nan yawo. Ka nuna masa kafarsa ya tsaya."

Mutumin ya ce zai rubuta masa haka, kafa ta biyu kaɗai, kada ya ƙara leƙa ta farko, amma sai an yi wa wayar alama. Malam ya ɗaga murya ya ce ko akwai zare a gida. Na tsinko ja daga hular da nake ɗinki, na miƙa ta gefen labule.

Washegari aka kunna a gaban manaja, takarda ta fito. Manaja ya duba gabanta, ya duba bayanta, ya juyo ya ce, "Malam, je ka sayo mana goro."

Haƙurin da aka ba shi ke nan. A ofishin ya zauna har ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin ya ce ya kamata a ƙara masa da wani ba. Ni ce har yau abin ke ci, ni da aka bari. Ranar dai ya ce bai ko tsaya ɗaukar keke ba, a ƙafa ya tafi kasuwa, yana gaida kowa a hanya don a ga an aike shi.