Ciwon da Muka Kai Asibiti da Wanda Muka Tarar a Can

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyarwa a Rano ba, tushiyar karan dawa ta soki mahaifiyata a ƙafa a gonarmu ta Durba. Raunin bai kai ya kawo ba. Ta wanke, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da harkokinta. Duk wanda ya san ta ya san ba a yi mata maganar asibiti a kan ƙafa. A wurinta, asibiti na wanda aka ɗauko ranga-ranga ne.

Bayan 'yan kwanaki ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Mai kemis ya ce maleriya ce, ya yi mata allurai. Da zazzaɓin bai sauka ba ya ce ashe taifot ce. Ba wanda ya kwance tsumman ya duba. Sai da ta fara sambatu tana kiran yayarta da ta daɗe da rasuwa, sannan yayana ya tuna yana da lambata.

Muka ɗauke ta, ni da shi da kawunmu, ƙaninta, zuwa wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba. Likita ya kwance ƙafar, ya kawar da kai kaɗan, ya ce, "Kwana nawa ke nan?"

Kawu ya ce, "Uku ne, likita."

"Alhaji, wannan ƙafar ta haura mako. Ciwon ya bar ƙafa ya shiga jini, shi ya sa take sambatu."

Aka ba mu gado. Sai aka zo wajen sa kanula, 'yar robar nan da ake zurawa a jijiya don ƙarin ruwa da allura. Jijiyoyin Inna duk sun ɓuya. Nas ta soka nan, ta soka can, sai a karo na biyar ta samu a bayan hannun hagu. Matar da ta haife mu bakwai a ɗaki ba a ji kukanta ba, ranar na ga hawayenta. Abin ya tsaya mini a rai.

Magani ya karɓe ta. A kwana na uku ta tashi zaune, ta ci tuwo, har ta kushe miyar. Da na ji ta ce daddawa ta yi kaɗan na san uwata ta dawo.

Washegari nas ta zo da tire, ta duba hannun ta ce wurin ya fara ja, za ta cire ta sa sabuwa a ɗaya hannun. Inna ta kalle ni. Ni kuma na miƙe na tsaya tsakaninsu.

Na ce, "Sista, don Allah ki bar mata. Ruwa yana tafiya, me za a sake huda ta?"

Ta ce, "Malama, ba a barinta idan wuri ya fara ja."

Sai na juya harshe zuwa Turanci, don ta san ba da 'yar ƙauye take magana ba. Na yi mata bayanin haƙƙin mara lafiya, ni da ko sunan robar ban sani ba sai a makon nan. Ita kaɗai ce nas a ɗakin, ga wata mata can ƙarshe tana amai. Ta dube ni, ta rubuta wani abu a fayil, ta wuce. Na zauna ina jin na ƙwato wa uwata 'yanci.

Ga kuma 'yan dubiya. Mota guda daga Durba, wata daga Unguwar Gai inda dangin babanmu suke. Kowa ya shigo sai ya kama hannun nan na hagu, don shi ne ta bakin hanya, ya jijjiga ya ce sannu. Gwaggona ta riƙe shi ta yi addu'a mai tsawo ta tofa a kan filastar. Famfon ɗakin kuwa tun da muka zo ban ga ya ɗiga ba, sabulu ma sai wanda ka zo da shi. Da filastar ta jiƙe wajen alwala ta ɗago, ni na mayar da ita da yatsana na danne.

Ranar da muke sa ran sallama, da hantsi, aka yi mata allura ta kanular. Ba a jima ba ta fara rawar ɗari har gadon yana kaɗawa. Jiki ya yi zafi rau. Hannu ya kumbura har gwiwa, da aka ɗaga filastar sai ga ruwan ciwo.

Kawu ya ce, "To, ga irinta nan. Mun kawo ta da ciwon ƙafa, sun ƙara mata na hannu. Haɗa kayanku."

Ni ban tsaya haɗa kaya ba, ofishin likita na nufa, na shiga ko sallama babu. Na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in zauna.

"Malama, ciwo biyu ne. Na farko daga gida kuka zo da shi, ta ƙafa ya shiga, kuma mun ci ƙarfinsa. Wannan kuwa a nan ta same shi, ta kanula ya shiga, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ƙwayar cutar da ke zaune a asibiti ta saba da magunguna, sau da yawa ta fi ta gida taurin kai."

Na ce, "Ai kun amsa laifinku ke nan."

Ya buɗe fayil ya juyo mini da shi. Rubutun nas ne: an zo canza kanula, 'yar mara lafiya ta hana.

Ya ce, "Mun amsa. Laifinmu shi ne da muka saurare ki."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fito ban san wa zan ji wa haushi ba, shi, ko famfon, ko gwaggo, ko wannan bakin nawa mai Turanci.

Aka cire kanular, aka ɗebi jini, yayana ya bi motar haya ya kai Kano don a gano irin ƙwayar. An ce sai an yi kwana uku kafin sakamako. Kafin azahar Kawu ya samo direba, mota na jira a bakin ƙofa. Ya ce akwai mai magani a bayan Rurum, hannu irin wannan kwana biyu yake yi masa.

Na ce, "Kawu, ba a hannun ciwon yake ba, a jini yake."

"Ke da kika iya, ai a gabanki aka yi."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Amma na hau gadon na zauna ta wajen ƙafafunta na ce sai dai a ɗauke mu tare. Muna ta ja-in-ja, mutanen ɗaki sun zuba mana ido, sai Inna ta buɗe ido da ƙyar ta ce wa ƙaninta, "Sallami mai motar nan. Ku bar ni inda aka san abin da ke damuna." Kawu ya saɓa babbar rigarsa ya fita, bai sake zuwa ba sai ranar sallama.

Nas ɗin nan dai ita ta zo sa sabuwar kanula. Ta ce mini, "Malama, riƙe mata hannu." Na riƙe. Sau huɗu aka soka. Inna tana hawaye, ina hawaye, bakina a rufe.

Daga ranar na koma mai gadi. Na ajiye buta da sabulu da roba a bakin ƙofa, duk wanda zai shiga sai ya wanke hannu, kuma ba mai taɓa inda filasta take. Gwaggo ta ce, "Yau kuma mu ne masu datti?" Na ce har ni. Ta ajiye kwanon furarta ta juya. Sai da aka shekara kafin ta amsa gaisuwata da kyau.

Sakamako ya zo, ya nuna maganin farko ba ya taɓa wannan ƙwayar, aka canza wani. Zazzaɓin ya riƙa sauka a hankali. Ciwon da muka kawo kwana shida ya ci mana, wanda muka tarar ya ci kusan mako biyu. Ta fita da ƙafarta, ta rame, amma ta fita.

Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne yadda labarin ya zauna a gari. A Durba cewa ake asibiti ya kusa kashe ta, kuma an sha kafa hujja da ita don a ƙi kai wani. Ba mai tuna tsumman da ya yi mako a ƙafa, ba mai tuna alluran kemis. Idan na ce da ba a kai ta ba da ciwon farko ya tafi da ita, sai a ce ina kare 'yan boko 'yan'uwana. Idan kuma na ce ɗakin marasa lafiya babu ruwan wanke hannu abin kunya ne, sai ma'aikatan lafiya su ce ai mu 'yan jinya ne matsala. Duka biyun gaskiya ne, kuma na gaji da zaɓar ɓangare.

Na taɓa zama na ba Inna haƙuri sosai, na ce ni na jawo mata. Tana tsince wake a faranti, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Ni na kalle ki, ke kuma kika tsaya mini. Sai dai nan gaba in na kalle ki a asibiti, ki kalli bango."